Ƙaramar Bindiga da Babbar Beyar: Darasin Guangzhou ga Masu Shiga Daji

An daɗe ana jayayya a ƙasashen da beyar ke zaune, tun daga Alaska a arewacin nahiyar Amurka har zuwa tsibiran Japan, a kan ko ƙaramar bindiga, wato fistol ko libarba da ake riƙewa da hannu ɗaya a kuma soke a ƙugu, ta isa ta kare mutum daga farmakin wannan dabba. Ko da yake babu beyar a dazukan ƙasar Hausa, gundarin tambayar ba baƙo ba ne ga duk wanda ya san yadda masunci ke gamuwa da dorina a tsakiyar ruwa, ko yadda manomi ke wayar gari ya tarar da garken giwaye a gonarsa. Abin da hujjoji suka nuna shi ne ƙaramar bindiga tana iya kashe beyar, kuma ta sha kashewa, amma akwai tazara mai faɗi tsakanin makamin da ke iya yin aiki wata rana da makamin da ya isa mutum ya jingina ransa a kansa, kuma a cikin wannan tazarar ne rayuka ke salwanta.

Beyar, wadda Larabawa ke kira dubb, dabba ce mai shayarwa, mai kaurin jiki da dogayen farata, wadda ke cin nama da tsirrai duka, kuma jinsinta takwas ne a duniya. Nahiyar Afirka ta taɓa samun irin tata a duwatsun Atlas na ƙasashen Magrib, amma ta ƙare tun tuni, shi ya sa Bahaushe bai yi mata kirari ba kamar yadda ya yi wa zaki da damisa da kura. Ƙasar Sin kuwa tana da jinsi huɗu daga cikin takwas ɗin, wato panda mai cin gora, da baƙar beyar ta Asiya mai farin tambari a ƙirji, da 'yar ƙaramar nan ta dazukan kudu masu zafi, sai kuma beyar mai launin ƙasa-ƙasa, wadda ita ce ake nufi idan ana maganar babbar beyar, tare da 'yar'uwarta fara ta yankin ƙanƙara. Namijin mai launin ƙasa-ƙasa a tsakiyar Alaska yakan kai kilo 200 zuwa 300, na tsibirin Kodiak kuma, wanda ke ƙoshi da kifi, yana iya haura kilo 600, nauyin da ya kai na bajimin sa.

Ga dubban 'yan kasuwar Afirka ta Yamma da ke zirga-zirga a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ciki har da Hausawan Kano da Maraɗi da ke sauka a unguwar Xiaobei domin sayen atamfa da wayoyi da kayan gini, wannan birni ne sau da yawa wurin da suke fara ganin beyar ido da ido. Gidan namun daji na Guangzhou, wanda aka buɗe a 1958, yana cikin gundumar Yuexiu, gundumar da ita ma Xiaobei take, yayin da babban gandun Chimelong da ke Panyu, inda wata panda ta haifi 'yan uku a ranar 29 ga Yulin 2014 suka kuma rayu duka, ke zagayawa da baƙi a mota ta yankin manyan namun dawa. Wanda ya ga beyar mai launin ƙasa-ƙasa daga kusa zai lura da tozon da ke tsakanin kafaɗunta, wanda tarin tsoka ne da take tona ƙasa da juya duwatsu da shi, da faratan gaba masu tsawon yatsan mutum, da kuma ƙananan idanun da suka nutse cikin faffaɗan kai, sa'an nan idan ta miƙe a kan ƙafafun baya sai ta zarce dogon namiji tsawo. Abin da ke tsakaninta da mai kallo rami ne mai zurfi, irin gwalalon da ke kewaye da ganuwar tsoffin biranen Hausa, ko katanga, ko gilashi mai kauri, kuma daga cikin dubban masu kallon nan babu mai ɗauke da bindiga.

Dalili kuwa doka ce. Dokar kula da bindigogi ta Sin, wadda ta fara aiki a ranar 1 ga Oktoban 1996, ta haramta wa farar hula mallakar bindiga, in ban da 'yar ƙofa da ta bar wa cibiyoyin wasan harbi da wasu mafarauta da makiyaya a yankunan da hukuma ta ayyana, kuma sashe na 128 na dokar manyan laifuka ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara uku ga wanda aka kama da bindiga ba bisa ƙa'ida ba, ko uku zuwa bakwai idan laifin ya yi tsanani. Saboda haka a Guangzhou amincin mutum a gaban beyar ya dogara ne kacokan ga tazara da shinge da bin ƙa'ida, kuma ranar da ɗaya daga cikin ukun nan ya karye akan ga sakamako nan take, kamar yadda ya faru a gandun namun daji na Shanghai a Oktoban 2020, lokacin da beyar da dama suka kashe wani ma'aikaci a cikin yankinsu a kan idon baƙin da ke cikin mota. Wannan tsari na birni ya bayyana gaskiyar da masu jayayya kan girman harsashi kan manta da ita, wato kariyar farko daga babbar dabba tana faruwa ne tun kafin dabbar ta iso inda harsashi zai yi amfani.

Lissafin lokaci shi ne abu na farko da ke raunana hujjar masu dogaro da ƙaramar bindiga. Beyar mai launin ƙasa-ƙasa tana iya gudun kilomita 50 a awa ɗaya a gajeren zango, wato kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, kuma galibin munanan gamuwa suna aukuwa ne a cikin duhuwar itatuwa ko bakin rafi, inda mutum ba ya ganinta sai ta kusa. Idan ta taso daga nisan mita 30, abin da ya rage wa mutum bai wuce daƙiƙa biyu da 'yan kai ba, kuma a cikinsu ne ake son ya gane abin da ke tafe, ya zare bindiga daga kube, ya ɗaga ta, ya yi saiti, ya ja kunama, alhali zuciyarsa na dukan uku-uku, hannunsa na rawa. Dabbar kuwa ba a miƙe take zuwa ba kamar yadda ake zana ta, tana zuwa ne a sunkuye, kai a ƙasa yana sama yana ƙasa da kowane tsalle, ta yadda wurin da harsashi zai tsayar da ita nan take, wato ƙwaƙwalwa ko lakar ƙashin baya, bai fi girman dunƙulen hannu ba. Harbin zuciya ko huhu yana kashewa, amma ba ya kashewa a take, domin dabbar na iya ci gaba da gudu da cizo na daƙiƙoƙi masu yawa kafin jini ya ƙare mata, kuma waɗannan daƙiƙoƙi sun ishe ta ta yi wa mutum illar da ba ta gyaruwa.

Abu na biyu shi ne ƙarfin harsashi, wanda masana ke aunawa da ma'aunin jul, wato yawan kuzarin da harsashi ke ɗauke da shi lokacin da ya bar bakin bindiga. Harsashin milimita 9, wanda shi ne ya fi yawa a fistol na 'yan sanda a duniya, yana ɗauke da jul kusan 500, na libarba mai ƙarfi samfurin .44 Magnum yana ninka haka kusan sau uku, yayin da harsashin doguwar bindigar farauta samfurin .30-06 ke kusantar jul 4,000. Aikin da ake nema daga harsashi a nan shi ne ya ratsa gashi da fata da kitse da tsoka, ya karya ƙashi, ya kuma ci gaba a miƙe har ya kai ga gaɓar da ke riƙe da rai, alhali yawancin harsasan ƙananan bindigogi an ƙera su ne domin su baje da wuri a jikin ɗan Adam, wanda ba shi da kaurin da ya kai rabin na beyar. Gwajin da William Meehan da John Thilenius suka yi wa hukumar gandun dajin Amurka a 1983 ya sanya manyan dogayen bindigogi a sahun gaba, ya kuma ɗauki .44 Magnum a matsayin makamin ko-ta-kwana, wanda ake komawa gare shi idan babbar bindiga ba ta hannu. Akwai kuma wata matsala da maharba suka sani sarai, wato duk lokacin da aka ƙara wa ƙaramar bindiga ƙarfi, shurin da take yi wa hannu yana ƙaruwa, harbi na biyu kuma yana ƙara jinkiri da wuyar saiti, ta yadda abin da aka samu ta fuskar ƙarfi akan rasa shi ta fuskar dacewa.

Adalci ya wajabta a saurari ɗaya ɓangaren, domin hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa bindigar da ke ƙugu ta fi wadda aka jingine a jikin bishiya ko aka bari a kwalekwale, cewa mai kamun kifi ko mai saran itace ba zai iya aiki da doguwar bindiga a hannu ba, kuma idan beyar ta riga ta danne mutum, ƙaramar bindiga ce kaɗai zai iya juyawa da hannu ɗaya. A 2016 wani tsohon jagoran mafarauta a Alaska, Phil Shoemaker, ya kashe beyar da ta taso wa baƙinsa da fistol mai milimita 9, da harsasai masu tauri na musamman. Binciken da Tom Smith na Jami'ar Brigham Young da Stephen Herrero na Jami'ar Calgary da abokan aikinsu suka wallafa a 2012, wanda ya bi diddigin gamuwa 269 a Alaska daga 1883 zuwa 2009, ya gano cewa ƙaramar bindiga ta tsayar da dabbar a karo 31 cikin 37, wato kashi 84 cikin ɗari, yayin da doguwa ta yi nasara a kashi 76 cikin ɗari.

Sai dai wannan bincike ɗin ya zo da wani sakamako da ya fi waɗancan alƙaluman nauyi, wato masu ɗauke da bindiga sun ji rauni daidai gwargwado ko sun harba ko ba su harba ba, kuma an samu raunin mutane a fiye da rabin gamuwar da aka tattara. Gamuwa 37 adadi ne kaɗan, an kuma tsinto su ne daga jaridu da bayanan hukuma, inda ake rubuta abin da ya yi tsanani a bar wanda ya wuce lami lafiya, saboda haka ba su isa a gina hukunci mai ƙarfi a kansu ba ta kowane ɓangare. Ko da an karɓi kashi 84 a yadda yake, ma'anarsa ita ce a kowace gamuwa shida bindigar ta gaza a kusan ɗaya, kuma babu direban da zai yarda ya ɗauki iyalinsa a motar da birkinta ke ƙin kamawa sau ɗaya cikin shida. Shi kansa mai labarin 2016 mutum ne da ya shafe shekaru masu yawa yana bin sawun beyar, ya san inda zai sa harsashi da lokacin da zai saki, don haka abin da ya yi aiki a ranar ƙwarewar shekaru ce, wadda ba a sayar da ita tare da bindiga a kanti.

Smith da Herrero da abokan aikinsu sun riga sun wallafa wani nazari a 2008 a kan feshin barkono, wato gwangwani mai matsattsiyar iska da ke fesa sinadarin da ke sa barkono yaji, ya tashi kamar hazo a gaban dabbar ya toshe mata ido da hanci. A gamuwa 83 tsakanin 1985 da 2006, feshin ya dakatar da beyar mai launin ƙasa-ƙasa a kashi 92 cikin ɗari na lokutan da aka yi amfani da shi, kuma kashi 98 cikin ɗari na masu ɗauke da shi sun tsira ba rauni. Fifikonsa ya zo ne daga rashin buƙatar saiti mai tsanani, tun da hazon yana da faɗi, da kuma cewa ba ya barin dabba mai rauni a daji, wadda kowane maharbi ya san ta fi mai lafiya haɗari. Shi ma yana da iyaka, domin iska mai ƙarfi na iya mayar da shi kan mai fesawa, zangonsa kuma 'yan mitoci ne, amma ya nuna cewa manufar mai kare kansa ita ce ya karya niyyar dabbar, kuma hakan ba lallai ne sai ta hanyar kisa ba.

Inda hukumomi suka fuskanci lamarin da gaske, hukuncinsu ya tafi hanya ɗaya. A 2025 Japan ta ga mafi munin shekara a tarihin ƙididdigarta, inda beyar suka kashe mutum 13 daga Afrilu zuwa Nuwamba, har aka tura sojoji lardin Akita domin su taimaka da ɗaukar tarkuna, aka kuma sauya ƙa'ida a watan Nuwamba domin 'yan sanda su yi amfani da dogayen bindigogi, saboda ƙananan da suke ratayawa ba su da ƙarfin da aikin ke buƙata. A tsibiran Svalbard na Norwe, inda doka ta wajabta wa mai fita bayan gari ya ɗauki abin korar farar beyar, an ga a watan Agustan 2011 cewa ko doguwar bindiga ba ta maye gurbin shiri, domin a sansanin wasu ɗalibai 'yan Birtaniya igiyar gargaɗi da aka kewaye tantuna da ita ba ta tashi ba, ba a sa mai gadin dare ba, bindigar kuma ta ƙi tashi har sau huɗu, kafin a kashe dabbar ta riga ta hallaka saurayi ɗaya ta raunata mutum huɗu.

Ƙasar Sin tana da nata fagen gwaji, nesa da fitilun Guangzhou, a tuddan lardin Qinghai, yankin Sanjiangyuan inda kogunan Yangtze da Rawaya da Mekong suka samo asali, wanda aka ayyana a matsayin gandun ƙasa a Oktoban 2021. Makiyayan Tibet masu kiwon shanun yak sun kasance da bindigogin farauta a da, amma hukuma ta tattara su, dokar kare namun daji ta 1988 kuma ta sa beyar cikin dabbobin da aka hana kashewa. A daidai wannan zamani ne makiyayan suka koma gina gidajen hunturu na dindindin, inda suke barin garin sha'ir da man shanu da busasshen nama idan suka tafi makiyayar bazara, sai beyar ta koyi cewa a bayan kowace ƙofa akwai abinci. Makiyayi yakan dawo a ƙarshen kaka ya tarar an ɓalle ƙyaure, an farfasa akwatuna, an yayyaga buhuna, gari ya cakuɗe da mai a tsakar ɗaki, kuma a gundumomi irin su Zhiduo na yankin Yushu abin ya wuce ɓarnar dukiya ya kai ga asarar rayuka. Matakan da makiyaya da hukuma da ƙungiyoyi irin su cibiyar Shan Shui suka gwada sun haɗa da shingen lantarki mai aiki da hasken rana, da akwatunan ƙarfe na ajiyar abinci, da kwashe duk abin ci a bar ƙofa a buɗe domin dabbar ta shiga ta fita ba tare da ta rushe komai ba, da kuma biyan diyya ga wanda aka yi wa ɓarna.

Ba a ce waɗannan matakai sun kawo ƙarshen matsalar ba, kuma kukan makiyayan da ke cewa dabbar ta daina tsoron mutum tun da aka karɓe bindigogi kuka ne da ya cancanci a saurara da mutunci. Abin da Qinghai ta tabbatar shi ne hukumar da ta hana talaka makami ta kuma hana shi taɓa dabba ta ɗauki amana a wuyanta, wato ta tanadi ƙwararrun da za su zo da makamin da ya dace idan dabba ta zama annoba, ta taimaka da shinge, ta biya diyya a kan lokaci. Idan ta karɓi bindigar ta kuma yi watsi da amanar, to ta bar mutum tsakanin doka da farata.

A nan ne maganar ta iso gida. Dokar bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin makaman da ba a mallaka sai da izinin Shugaban Ƙasa, amma yaɗuwar makamai a shekarun rashin tsaro ta sa mutane da yawa sun fara ganin kowace bindiga a matsayin maganin kowace barazana. Dorina, wadda ke iya haura kilo 1,500, ta fi kowace beyar nauyi da kaurin fata, kuma a Yawuri ta Jihar Kebbi, bayan da wata ta kashe wani mutum a bakin kogin Kwara a 2024, sai da masunta da manoma suka yi gayya, suka shafe makonni suna bibiyarta a cikin jirage da masu kafin su ci galaba a kanta. A Ayorou ta yankin Tillaberi a Jamhuriyar Nijar rikicin manoma da dorina ya kai ga kashe dorina fiye da 20 a 2017, a gefen gandun Yankari na Jihar Bauchi kuma manoma sun daɗe suna fama da giwaye masu shiga gonaki, inda aka ga amfanin sanya wa giwayen na'urar bin sawu da ɗaukar mutanen ƙauyuka aikin sa ido da gargaɗi. Tsoffin maharban ƙasar Hausa, waɗanda suka yi farautar ɓauna da kibiya mai dafi da bindigar toka mai harbi ɗaya, ba su taɓa ɗaukar makami a matsayin dukkan sana'ar ba, domin kafin yaro ya riƙe baka sai ya koyi karanta sawu, da sanin inda iska ke kaɗawa, da gane dabba mai ɗa, da kuma girmama umarnin Sarkin Baka ko Sarkin Ruwa kan inda ake shiga da lokacin da ake janyewa.

Hukuncin da ya dace, saboda haka, shi ne ƙaramar bindiga ba ta isa kariya daga babbar beyar ba, ko da yake ta fi hannu banza ga ƙwararren da ya yi atisaye da ita har ta zama kamar gaɓar jikinsa, a ƙasar da doka ta yarda ya riƙe ta. Babban haɗarinta shi ne ƙarfin halin da take sakawa a zuciyar wanda bai ƙware ba, har ya bi hanyar da da zai kauce wa, ya matsa kusa da dabbar da da zai ba ta wuri, ya kwana kusa da abincin da da zai rataye nesa da tanti. Wanda zai shiga ƙasar beyar ya tafi cikin jama'a, ya riƙa yin motsi da murya domin kada ya yi mata ba-zata, ya nisanci mushe da uwa mai 'ya'ya, ya ɗauki feshin barkono a inda hannu zai kai gare shi cikin daƙiƙa ɗaya, ya kuma nemi jagora ɗan gari, kuma kusan duk wannan ya shafi mai shiga ruwan dorina ko dajin giwa. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, kuma gwamnatocin Kebbi da Bauchi da Tillaberi za su ceci rayuka masu yawa idan suka kashe kuɗi a kan shinge da masu gadin daji da diyyar amfanin gona tun kafin manomin da aka cinye wa shinkafa ya yanke shawarar fuskantar dorina shi kaɗai da bindigar da ba za ta tsayar da ita ba.